Sikanin Ɗin Masu Ciki A Kan Zubairu

Shafi na 31

Masu turo min saƙo wai na bar Amatullah a cikin mota na tafi yawona, na ji. Wayata ce ta faɗa robar wanki, ba wulaƙanci ba ne. Ke kuma da kika rubuto cewa in kashe Inna Marka kowa ya huta, ki ji tsoron Allah, tsohuwar mutane ce.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Zubairu manomin rani ne a Talata Mafara. Likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato ya gano wani dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini a cikin kansa, sun cukurkuɗe suna tsattsafar da jini, su ke kayar da shi yana farfaɗiya. An sa ranar Litinin za a yi aiki a cire. Matarsa Amatullah, malamar makaranta, ta tafi Sakkwato kai 'yan'uwanta su ba da jini, ta bar shi a hannun uwarsa Inna Marka da ƙaninsa Abdulrashid. Mu ɗora.

Ko lungunsu Amatullah ba ta gama shiga ba maƙwabciyarta Hasana ta leƙo ta saman katanga, baki har kunne.

"Malama! Barka da arziki! Ashe ɓoyo aka yi muna?"

"Barka da mi?"

"Haba, daina. An ga mutanen gidanku Bakura, wurin Malami mai sikanin. Nic ce alhamdu lillahi, ɗiyarki Kausar ta daɗe tana son ƙane. Allah shi raba lahiya."

Amatullah ta sauke jakarta ƙasa.

"Hasana, ni ina Sakkwato. Cikin nawa shi kaɗai yah hau mota yat tahi Bakura?"

Hasana ta sauka daga kan turmin da ta taka.

Ƙamshin masa ne ya tare ta a zaure. A tsakar gida Inna Marka ta kafa tanda tana suya, yaran unguwa sun yi layi kowa da kwanonsa. Abdulrashid yana ƙarƙashin dalbejiya a kan kujerar roba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana latsa waya, yana wani ƙyalli kamar wanda aka ba sarauta.

Amatullah ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kin zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiyar hanya?"

"Ba gajiya."

"Mutanen Sakkwato?"

"Suna gaishe ki. Ya mai jiki?"

Inna ta juya masa ɗaya da tsinke, ta yi wani irin murmushi.

"Wane mai jiki? Gidanga ba mai jiki."

"Ina baban Kausar?"

"Bar shi ya huta. Ci masa, ta sadaka ta."

Amatullah ta miƙe za ta shiga ɗaki, sai idonta ya faɗa kan hular Zubairu a rataye jikin igiyar shanya. Ta kai hannu ta cire. Cikin hular ya yi danƙo, wani abu mai santsi ya bushe a gefe, tsakiya bai bushe ba. Ta murza a yatsa. Ta shinshina.

Duk macen da ta taɓa haihuwa a asibiti ta san wannan abin. Shi ake lafta miki a ciki, mai sanyin nan, kafin a ɗora na'ura.

Ta juyo a hankali. Suruka ba a ɗaga mata murya, wannan kowa ya sani. Amma Allah da ya halicci uwar miji bai bar mace haka nan ba, ya haɗa mata da ƙanin miji.

"Abdulrashid."

"Na'am, matarmu."

"Mi nika gani cikin hular yayanka?"

"Au, man sikanin na. Ai na ce a wanke."

"A KANSHI?"

"To ina ciwon yake, Anti? Ga ciki?"

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Inna ta kori sauran yaran da masa bibbiyu, ta goge hannu a zane, ta gyara zama. Daga gani ta daɗe tana jiran wanda za ta ba labarin nan.

"Zamna ki ji ikon Allah. Yaronga yan nuna mani cikin waya. Turawa sun gano magani na irin ciwon yayanshi. Ba yuƙa, ba ɗunki, ko aski ba a yi. Da sauti aka yi. Nic ce mi as sunan abin? Yah hwaɗi wani Turanci. Nic ce hwaɗa mani da Hausa. Yac ce sikanin."

"Ultrasawun nic ce," in ji Abdulrashid.

"Kai kac ce shi na sikanin!"

"Awo, ai shi na."

"To! Nic ce sikanin dai wanda anka yi ma matar Mas'ud maƙwabcinmu da tana da cikin tagwaye? Yac ce shi. Nic ce to mi za ya kai mu Sakkwato a tsaga ma ɗana kai, ga abu nan Bakura, motar ɗari nawa?"

Amatullah ta zauna a kan turmi.

"Inna, shi Malamin ya yarda?"

"Wannan? Ragon mutum. Wai nashi na ciki na. Nic ce ciki da kai ba jiki guda ba na? Wai injin nashi gani yaka yi, ba ya magani. Nic ce to shi gani. Yac ce ba ya iyawa. Niz zamna mishi bakin ƙohwa nic ce ba mai shiga ba mai hita."

"Inna ta tsaya tsayin daka," Abdulrashid ya ce, da alfahari.

"Kai, rufe mani baki. Inna, sai anka yi mi?"

"Da ma tun cikin mota na sa ya sha ruwa leda huɗu, nic ce kar shi kuskura shi yi hitsari. Haka anka sa matar Mas'ud."

Amatullah ta rufe ido. Ta hango mijinta, mutumin da maza ke tashi tsaye idan ya shiga taron manoma, zaune a benci tsakanin mata masu tsohon ciki, hula a gwiwa, yana matse fitsari. Dariya ta taso mata, kuka ya danne ta, takaici ya danne su duka biyun.

"Sai Malami yas shafa mishi man," Inna ta ci gaba, "yaɗ ɗora abin nan bisa kai. Munka zuba ido ga talabijin ɗin. Ɗiyata, ba komi! Hazo-hazo kawai. Nic ce duba da kyau. Yak koma bayan kunne. Ba komi. Yak koma ƙeya. Ba komi! Lokacin matar Mas'ud har yatsun ɗiyan munka ƙirga. In da akwai abu da ya hito. Sautin ya narkar da shi."

"Malami yac ce ya narke?"

"Shi mi yas sani? Yana ta wani ba ya gani, ba ya gani. Nic ce ai da ma abin da muka so ke nan, kar a gani."

Amatullah ta ɗaga hular ta ƙwanƙwasa goshinta da bayan yatsa, ƙwas ƙwas.

"Inna, kin ji wanga? Ƙashi na. Ciki ba ya da ƙashi ta gaba, shi yas sa aka ganin ɗa. Injin Malami ba ya ƙetare ƙoƙon kai. Ko tukunya kunka kihe ma tagwayen matar Mas'ud, hazo za ku gani. Abin yana nan inda yake, ba inda yat tahi."

"Anti, sauti dai sauti na."

Ta juya kansa gaba ɗaya.

"Wuta ma wuta ta, Abdulrashid. Je ka yi walda da ashana."

"Ni hwa da idona nig gani. Likitoci na, da hwararen riguna."

"Nuna mani."

"Mi?"

"Bidiyon. Kunna shi."

Ya ɗan sosa ƙeya.

"Data ta ƙare."

"Ga tawa."

"Caji ya yi ƙasa."

"Tun da nish shigo kaka latsa ta. Kunna!"

Inna ta dubi ɗanta, ta dubi surukarta.

"Kunna mata mana, ta gani ta bar muna gardama."

Ya kunna, ba don ransa ya so ba. Wata Baturiya ce ke bayani, hotuna na wucewa. Amatullah ta karɓe wayar daga hannunsa tana fassara wa Inna jimla jimla, da muryar da take karanta wa 'yan aji jarabawa.

Gaskiyar magana, abin da ke cikin bidiyon abin sha'awa ne. Masu bincike ne a wata ƙasa. Suna zuba wasu ƙananan kumfa a cikin jini, sannan su tattara sauti mai ƙarfi su auna shi daidai wurin da jijiyoyin suka dunƙule, kamar yadda yara ke tattara rana da gilashi su ƙona takarda. Sai aka ga dunƙulen ya daina girma. Na'urar da suke aiki da ita kuwa ko kama ba ta yi da ta Malami ba.

"Kin jiya?" Abdulrashid ya miƙo hannu. "Ya daina girma. Shi ke nan, kawo wayar."

"Ba ta ƙare ba."

"Sauran duk surutu na."

"To mu ji surutun."

Baturiyar ta ci gaba. Hoton ya canja. Wani hannu cikin safar roba ya bayyana, riƙe da ɗan ƙaramin abu fari mai jan ido da dogon bindi, yana shinshinar iska.

Inna ta matso da fuska.

"Wanga kuma mi yak kawo shi asibiti?"

Amatullah ta tsayar da bidiyon a daidai nan. Ta juya wa Inna fuskar wayar sosai.

"Shi na mai jinyar, Inna."

"Wa?"

"Kusu. Ɓera. A kansu anka gwada. Matar ta ce suna fatan wata rana a kai ga mutane, in an ga ba ya cutarwa. Fata suka yi, Inna. Ba su ce an kai ba."

Masa na ta ƙonewa a tanda ba mai kula ta.

Inna ta juya ta dubi Abdulrashid, irin kallon da ke sa babban mutum ya tuna yana da sauran girma a gaba.

"Kai. Ka ga kusun?"

"Inna, wato..."

"Ka gane shi ko ba ka gane shi ba?"

"Na gane shi."

"Kaɓ ɓoye mani?"

"Na ɗauka misali na suka badawa."

"Misali!" Amatullah ta miƙe tsaye. "Difloma gare ka, Abdulrashid! Matar nan sau nawa tac ce kusu? Ka ji da kunnenka, kaz zaɓi inda yay yi ma daɗi, kak kai ma tsohuwa, kas sa anka ɗauki mutum mai jini cikin kai anka yi ta jijjiga shi bisa hanyar Bakura! Ni ina can ina roƙon ƙannena suna miƙa hannu ana zuƙar jininsu!"

"Ni taimako nika so in yi!"

"Ka taimaka! Unguwa duk ta ɗauka ciki gare ni!"

"Ni ban son a tsaga mishi kai, shi ke nan!" Muryarsa ta fashe. "Ke kin ga baba sadda anka hito da shi? Ni na gani."



Inna ta sauke tandar daga wuta, ta daɗe tana kankare masar da ta ƙone. Da ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Ubansu da ƙahwarshi yash shiga asibiti. Ƙaba ta kawai, anka ce aikin minti kaɗan. Yab ba ni hularshi da takalmi yac ce riƙe mani. Su nik komo da su garinmu Dosara." Ta ajiye tsinken. "Wanga kuma kai na, ba ciki ba. Ke kina da ƙuruciya, in ya tahi kina iya wani aure. Ni ina zan samo wani?"

Wallahi maganar ta soki Amatullah, kuma ta ba ta haushi, duka a lokaci guda. Shekara goma sha tana wanke wa mutumin nan kaya, ita ke danna masa filo a ƙarƙashin kai idan ya faɗi, ita ke share kumfar bakinsa kafin Kausar ta gani, yau ita ake ce wa tana iya wani aure. Ta haɗiye. Ta sake durƙusawa a gaban tsohuwar.

"Inna, ni ma tsoro nika ji. Ban barci. Amma likita ya nuna mani hoton da idona, na babban injin da aka shiga ciki. Abin ya zubar da jini sau biyu. Yac ce wurin da yake hannu na kaiwa, shi yas sa yac ce a cire. In ya sake zubarwa, ba wanda yas san abin da za ya tahi da shi, ko magana, ko hannu, ko shi duka."

"Mun duba ba mu gani ba," in ji Inna, amma muryar ta yi laushi.

"Da injin ganin ɗiya kunka duba."

"Ni dai ba mai kai mani ɗa Litinin."

"To kan nashi na. Bari in tambaye shi."

Ta miƙe ta nufi ɗakin.

"Bar shi ya huta nic ce!"

Yadda Inna ta faɗe shi da sauri ne ya sa Amatullah ƙara sauri. Ta ɗaga labule.

Gado a gyare. Ba kowa.

Ta leƙa bayan ƙofa kamar wadda ke neman yaro. Ta fito ta duba banɗaki. Ta dawo ɗakin, idonta ya sauka a kan taga, inda take ajiye masa maganin farfaɗiya. Da za ta tafi ta ɓalle masa na kowace rana ta nuna wa Abdulrashid, safe da dare. Suna nan yadda ta bar su, in ban da na ranar farko.

Ta fito da su a tafin hannu.

"Wa yah hana shi shan magani?"



"Abdulrashid, da kai nika!"

"Shi yac ce tunda ya warke..."

"Wa yac ce mishi ya warke?"

Inna ta kau da kai.

"Maganin kashe mishi jiki yaka yi. Kullum barci, kullum barci, namiji da gona."

"Likita ya ce ko sau guda kar a tsallake! Ya ce in anka yanke maganin kai tsaye faɗuwar ta fi ta da muni! Ina yake? Inna, don girman Allah, ina yake?"

"Ya ɗan hita."

"Masallaci?"



Sai wani abu ya faɗo mata. Ta ruga ɗakin girki, ta jawo tsohuwar kwallar da take zuba gero, ta tura hannu har gwiwar hannu tana lalube. A nan ta binne makullin babur ɗinsa tun ranar da likita ya ce ba hawa babur, ba zuwa bakin ruwa shi kaɗai. Ta kwashe geron da hannu biyu tana watsarwa a ƙasa.

Babu.

"Ni nib ba shi," Inna ta ce daga bakin ƙofa. Yanzu kam tsoro ya fito a fuskarta ƙarara. "Na gane shi ina neman gero. Yac ce yau aka sako musu ruwa, albasarshi na mutuwa, an bar ma yara aiki sun ɓata. Yana ta murna, ɗiyata. Rabon da in ga haƙoranshi..."

"Wace gonar?"

"Ta wajen Maradun," in ji Abdulrashid a hankali. "Ta bakin kanal, babbar magudanar ruwan rani."

"Shi da wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Amatullah ta dubi inuwar katanga. La'asar ta kusa.

Ta zaro wayarta ta kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Inna ta zo ta tsaya a jikinta tana jan carbi da ƙarfi, masa da sadaka duk an manta. Abdulrashid yana neman takalminsa ɗaya bai gani ba, yana ta zagaye dalbejiya.

A kira na uku aka ɗauka.

"Baban Kausar! Kana ina? Kar ka motsa daga inda kake, ka ji ni, kar ka hau..."

"Salamu alaikum."

Ba muryarsa ba ce. Muryar dattijo ce, Hausarsa da karin Fulatanci, ana jin kukan shanu a bayansa. A ƙasar nan tamu, idan baƙuwar murya ta ɗauki wayar mijinki, kun san abin da zuciya ke fara kawowa. Amatullah ta dafa bango.

"Wa... wa ke magana?"

"Sunana Hamidu, daga Damaga. Na kawo shanu shan ruwa. Baiwar Allah, ke ta matar mai wayarga?"

"Ni ta. Ba shi wayar. Don Allah ba shi."



"To, ai shi nika son in tambaye ki. Ga babur kwance bakin kanal, injin nashi bai ma mutu ba. Ga waya cikin ciyawa. Ga takalmi ƙahwa guda."

"Shi hwa? SHI HWA?"

"Baiwar Allah," in ji muryar, "mijin naki ya iya ruwa?"